Abin da guruf ɗin ofis ya koya mini

Bayan an sassauta kullen korona a 2020 aka ɗora ni a kan sashen rarraba kaya na wani kamfani a Kano, da mutum goma sha ɗaya a ƙarƙashina. Da yake taro ya yi wuya a lokacin, sai na buɗe mana guruf a WhatsApp. Abin ya yi mini daɗi ƙwarai. Direba ya turo hoton rasit daga Kantin Kwari, mai sito ya turo adadin katan ɗin da suka rage, ni kuwa ina zaune komai yana zuwa tafin hannuna.

Wata rana lissafin sito ya ƙi daidaita, katan shida babu. Raina ya ɓaci, na rubuta a guruf cewa wannan sakaci ne, kada a sake. Kowa ya karanta, ba wanda ya ce uffan.

Washegari da safe dattijon da ke riƙe da siton ya yi sallama a ofishina. Ya haife ni nesa ba kusa ba. Ya cire takalmi, ya zauna, muka gaisa, sannan ya ce, "Manaja, kuskuren nawa ne, na karɓa. Amma yaran nan uku da nake koya wa aiki duk suna cikin guruf ɗin." Bai ƙara komai ba. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri," kunya ta rufe ni.

Abin da ya fi damuna ya biyo baya ne. Mutane suka daina kawo matsala guruf. Mota ta lalace a hanyar Wudil, sai bayan kwana biyu nake ji. Kowa ya ga yadda aka yi da babba, wa zai kai kansa?

Daga nan na raba abubuwa. Guruf na sanarwa ne da yabo. Gyara kuma sai mu biyu, ƙofa a rufe. Saƙon murya na bar shi, don wasu direbobin sun fi sakewa da shi, amma duk abin da ya shafi kuɗi ko adadi dole a rubuta, saboda ba a binciko lamba a cikin murya. Na kuma hana kaina turo saƙo bayan isha'i. A Faransa tun 2017 doka ta ba ma'aikaci 'yancin kashe wayar aiki bayan tashi; mu nan sai dai shugaba ya kama kansa.

An ɗauki watanni kafin amana ta dawo. Ranar 4 ga Oktoba, 2021, da WhatsApp ya ɗauke kusan awa shida, bayan magariba wayata ta yi ƙara. Baba ne. Ya ce, "Manaja, na yi kuskuren katan biyu yau, na ce gara ka ji daga bakina kafin gobe."