Talata: ranar da 9:7 ta kunyata ni

Yau na sha kunya a aji, kuma ni na jawo wa kaina. Malama ta rubuta tambaya a allo: an haɗa iri biyu na wani wake mai fure, dukansu farare, sai 'ya'yan suka fito shunayya kaf. In aka sake haɗa 'ya'yan da junansu, me za a samu? Ko gama karantawa ban yi ba na ɗaga hannu na ce 9:3:3:1, wadda na haddace tun darasin Mendel, mai ƙa'idojin gadon halitta. Ta dube ni ta ce, "To madalla. Lissafo mana launuka huɗun." Na yi tsuru-tsuru. Launi biyu ne kacal a tambayar.

Amsar 9:7 ce, shunayya 9 da fari 7 cikin kowane 16. Masanan kimiyya Bateson da Punnett ne suka lura da haka a Ingila a farkon shekarun 1900. Ashe launin ba aikin ƙwayar gado ɗaya ba ne. Ta farko tana haɗa wani sinadari marar launi, ta biyu ta karɓa ta rina shi. In ta farko ta gaza, ta biyu ba ta da abin rinawa, ko da lafiyarta ƙalau. In ta biyun ce ta gaza, sinadarin ya zauna yadda yake. Iyayen nan kowanne abin da ya rasa daban ne, shi ya sa ɗansu ya tashi da mai aiki ɗaya daga kowane ɓangare. Abin haushin, 3 da 3 da 1 ai 7 ne. Lissafin Mendel yana nan daram, ido ne ba ya rarrabe fari da fari. Wannan rufewar da wata ƙwayar gado ke yi wa wata ita ake kira efistasis.

Misalin da ya tsaya mini a rai shi ne jinin Bombay, wanda aka gano a 1952 a birnin da yanzu ake kira Mumbai. Mutum yana ɗauke da ƙwayar gadon rukunin B, amma gwaji ya nuna O, domin jikinsa ba ya haɗa sinadarin H da A da B ke ɗoruwa a kai. Ya auri mai O na ainihi, ɗansu ya fito B. Ina ta tunanin irin zargin da wannan zai iya haifarwa tsakanin mata da miji. Kuma ko jinin O ba a ƙara masa, sai na irinsa.

Da yamma na koma kan kwafin DNA. Gwajin Meselson da Stahl na 1958 bai ba ni wuya ba: sun raini bakteriya da naitirojin mai nauyi, suka mayar da su kan marar nauyi, sai kowace sabuwar DNA ta fito da tsohon zare ɗaya da sabo ɗaya. Inda na maƙale shi ne zare mai jinkiri, wato wanda ake kwafewa guntu-guntu. Sau uku ina zanawa ina yagewa. Wani sinadari mai suna helikes yana buɗe zaren DNA biyu kamar zif, amma zarurrukan kwance suke kai da ƙafa, shi kuwa folimares, mai ɗinka sabon zare, hanya ɗaya ya sani, daga bakin zaren da ake kira 5' zuwa wanda ake kira 3'. A zare ɗaya sai ya bi bayan helikes salin-alin. A ɗayan dole ya ba shi baya, ya ɗinka guntu, ya dawo inda aka ƙara buɗewa, ya jira a kafa masa ɗan guntun RNA, ɗan'uwan DNA, da zai ɗora a kai, ya sake farawa. Su ne guntayen Okazaki. Daga baya a cire RNA ɗin, a cike gurbin, wani sinadarin, laiges, ya haɗe bakin guntayen. Ni dai a ganina wahalar ta yi yawa, amma da haka kowane mai rai yake yi.

Na gwada lissafi don in huce. Bakteriyar E. coli tana da harufa kusan miliyan 4.6 a DNA ɗinta, ana kwafe kusan 1,000 a daƙiƙa. Na samu minti 77, littafi ya ce wajen 40. Har na fara zargin littafin, sai na tuna kwafin yana tafiya ta fuska biyu a lokaci guda. Na raba biyu, ya faɗo 38. Yau sau biyu ke nan gaggawa tana kayar da ni.

Ina tattara takardu mai jinin Bombay ya sake faɗo mini. Ƙwayar gadon B ɗinsa ma haka ake kwafe ta, harafi bayan harafi, folimares yana komawa ya gyara inda ya kuskure, alhali a jininsa ba za ta taɓa nunawa ba sai a na ɗansa.

Aikin gida kan karnukan Labrador ne. Wannan karon sai da na ƙirga launukan kafin in taɓa biro: baƙi, ruwan ƙasa, rawaya. Ya ba ni 9:3:4. Akwatin ƙarshe a jadawalin haɗin, bbee, wato karen da ke da gadon ruwan ƙasa (bb) amma ee ta rufe launin, na daɗe ina kallonsa kafin in jefa shi cikin rawaya.