Ku kashe injin nan ku kalli wasan da idonku

Jiya da daddare muka yi musu da wani abokina har wajen ƙarfe ɗaya kan wasan ces, kuma har yanzu maganar na cina a rai shi ya sa na ce bari dai in rubuta. Shi cewa yake wai manyan 'yan wasan da ba wani abin a zo a gani suke ba, don idan ka saka wasanninsu cikin Stockfish, wato injin kwamfuta mai nazarin wasan ces, sai ka ga kurakurai birjik, har ma ya ce yadda Ding Liren ya zubar da kambunsa na zakaran duniya ko ɗan koyo ba zai yi ba. Wallahi a nan ne na kasa haƙuri.

Wasan da yake nufi shi ne na 14 a gasar kambun duniya a Singafo, ranar 12 ga Disamban 2024, Ding na ƙasar Sin da Gukesh ɗan Indiya mai shekara 18, an zo wasan ƙarshe maki kunnen doki. Na kalle shi tun daga farko har ƙarshe. Kowa ya riga ya sa rai canjaras za a tashi a tafi wasannin gaggawa washegari, don abin da ya rage a allo ɗan kaɗan ne, kowa da hasumiya ɗaya da bishof ɗaya, Gukesh ya fi shi da ƙaramin soja guda, shi ke nan. Sai a taku na 55 Ding ya ɗauki hasumiyarsa ya ajiye a gidan allo mai suna f2 yana neman a yi musanya, alhali bishof ɗinsa na maƙale can a kusurwar a8 ba shi da wajen gudu, da aka cinye hasumiyoyin sai aka tilasta musanyar bishof ma, abin da ya rage sarakuna da sojoji kuma Gukesh ne da riba. Na ga yadda yaron ya zaro ido yana kallon allon kamar bai yarda ba, ya tashi ya zaga ya dawo, shi kuma Ding ya dafe kai. An tashi 7.5 da 6.5.

Eh kuskure ne, ban musa ba. Amma mutumin nan ya shafe kusan sati uku yana fafatawa, ranar ma awanni ya yi zaune yana kare kansa, agogonsa na ta cinyewa, duniya na kallonsa. Kai kuma kana kwance da waya a hannu inji ya nuna maka ja alamar kuskure a cikin daƙiƙa ɗaya sai ka ce ai ni ma na gani. Ba ka gani ba malam, nuna maka aka yi.

Shi kansa Bobby Fischer da ake ta kambamawa ai ya taɓa yin irinta. A 1972 a Reykjavik, wasan farko na gasar kambun duniya da Boris Spassky, wasan ya kama hanyar canjaras sai a taku na 29 ya cinye soja a h2 da bishof ɗinsa, Spassky ya tura g3 ya rufe masa ƙofa, bishof ya tafi wasa ya tafi. Na biyu ma bai zo ba aka ba Spassky maki. Daga 2 da 0 ya taso ya ci gasar 12.5 da 8.5, kuma a wasa na 6 ya buɗe da c4 wanda ba a saba gani a wajensa ba, ya taka wasan da har Spassky ya bi 'yan kallo ya tafa masa. Wace kwamfuta ce za ta auna maka wannan tafin?

Ni wanda ya fi taɓa min zuciya ma shi ne na Karpov da Kasparov a Mosko, an fara a Satumban 1984, doka ita ce wanda ya fara cin wasa shida shi ne zakara. Karpov ya kai 5 da 0, saura ɗaya tak, amma Kasparov ya ƙi mutuwa, akwai lokacin da suka yi canjaras 17 a jere. Sai da aka yi wasa 48 cikin wata biyar, Kasparov ya ci uku har da na 47 da na 48, sannan shugaban hukumar ces ta duniya FIDE, Campomanes, ya dakatar da gasar a Fabrairun 1985 ba tare da zakara ba. Da aka sake sabon zubi a wannan shekarar Kasparov ya karɓe kambun yana da shekara 22.

Ba wai ina ƙin inji ba ne, ni ma ina amfani da shi, tun da kwamfutar Deep Blue ta doke Kasparov a 1997 an san inda aka dosa. Abin da na roƙi abokina shi ne ya ɗauko allo na gaske ya jera, ya bi wasa na 6 ɗin nan na Fischer taku bayan taku, kafin kowane taku ya rufe takardar ya faɗi abin da shi zai buga. Ya ce zai gwada, mun yi da shi ranar Asabar zan je in same shi mu bi tare.