Kwana Biyu a Zirin Sõrve na Tsibirin Saaremaa

A watan Agusta, lokacin da nake zaune a Tallinn, na shirya tafiya zuwa Saaremaa, tsibiri mafi girma a ƙasar Istoniya. Na hau jirgin fito daga Virtsu zuwa tsibirin Muhu, daga nan mota ta bi hanyar da aka cike a kan ruwa ta kai mu Kuressaare, babban garin Saaremaa. Inda na nufa shi ne zirin Sõrve, wanda ya miƙe kudu cikin tekun Baltik tsawon kimanin kilomita 32.

Kuskurena na farko shi ne dogaro da motar haya. Motocin da ke shiga zirin ba su da yawa, don haka ranar farko ta ƙare ina duba agogo. Washegari na karɓi hayar keke, kuma sai a kansa na gane abin da taswira ba ta nuna mini ba: a wuyan zirin ƙasar ta tsuke ƙwarai, ta yadda duk rundunar da ta tare wannan wuri ta rufe ƙofa ke nan.

A Tehumardi, dab da wannan wuya, na tsaya ƙarƙashin wani dogon gini na kankare mai siffar takobi. A nan ne, a daren 8 ga Oktoba 1944, sojojin Jamus masu ja da baya suka yi kiciɓis da sojojin Tarayyar Sobiyet cikin duhu, aka gwabza gaba da gaba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne cewa 'yan Istoniya sun yi yaƙin duniya na biyu a ɓangarorin biyu, domin kowane ɓangare ya ɗebi samarinsu aikin soja. Jamusawa sun riƙe zirin har daren 23 ga Nuwamba, sannan suka fice ta ruwa, bayan sun kwashe mazauna ƙauyuka da yawa zuwa Jamus.

Dalilin wannan naci yana can ƙarshen ƙasa, a Sääre. Na hau hasumiyar fitilar jiragen ruwa mai tsawon mita 52, wadda aka gina a 1960 a madadin wadda yaƙi ya rusa, na hango gaɓar Latbiya kamar zare a ƙetaren mashigin Irbe. Ta wannan mashigi jirage ke shiga ruwan Riga, babban birnin Latbiya, shi ya sa tun a yaƙin duniya na farko Rashawa suka girke manyan bindigogi a nan, Jamusawa kuma suka ƙwace su a 1917. A ƙasa, wata siririyar tsakuwa ta miƙe cikin teku, tsuntsaye sun yi cincirindo a bakinta, iska kuwa tana kaɗawa har sai da na yi nadamar barin rigar sanyi a masauki.

A hanyar komawa na ratsa cikin itatuwa don duba wani ramin kankare na sojoji da ciyawa ta lulluɓe. Na ga wani tsatsattsen ƙarfe a ƙasa, na sunkuya zan ɗauka, sai wani dattijo mai tsintar 'ya'yan itace ya ɗaga mini hannu, ya girgiza kai. Har yau ana tono harsasai da bama-baman da ba su tashi ba a waɗannan dazuzzuka. Na janye hannuna, na tura keke zuwa gaɓar Ohessaare, inda baƙi ke jera fararen duwatsu ɗaya bisa ɗaya a bakin ruwa, na zauna har rana ta yi ja.