Shekara biyu ina ce masa mura

Har yau in na wuce kemis ɗin layinmu a Agege sai raina ya sosu. Kusan shekara 2 ɗana Abba na tashi da atishawa bakwai takwas a jere, majina fara kamar ruwa, yana murza hanci da tafin hannu har saman hancin ya yi layi. Babu zazzaɓi. Ni kuwa kullum mura ce, a karɓo sirof, a haɗa da antibayotik. Wace irin mura ce ke shekara biyu? Ko sau ɗaya ban tambayi kaina ba.

Wani dare cikin damina na ji ƙirjinsa na kuka kamar ɗan kyanwa, tsakanin haƙarƙarinsa na lotsawa. Muka kwana asibiti. Da ya samu kansa, likita ta haska fitila cikin hancinsa, har na ji haushi, yaro na ciwon ƙirji ana leƙen hanci. Ashe nan gizo ke saƙa. Ta ce alaji ne, wato jiki ya ƙi jituwa da wani abu kamar ƙura, ya kumbura cikin hancin, kuma daga hanci zuwa huhu hanya ɗaya ce, kumburin ba ya tsayawa a sama. Hanci ne ke tace iska, ya ɗumama ta, ya jiƙa ta. Tunda nasa a toshe yake, da baki yake kwana buɗe, hayaƙin janareto da ƙura na zarcewa huhu babu mai tare su. Yawancin masu asma, in ji ta, suna da wannan matsalar hancin, kuma antibayotik ba ya taɓa ta.

Aka sa shi hura wata na'ura da iya ƙarfinsa, da yake shekararsa 7, zai iya. Ya shaƙi maganin buɗe ƙirji, bayan minti 15 ya sake hurawa, lambar ta haura sosai. Wato an daɗe hanyoyin iskarsa a matse, ni ina cewa rago ne, ba ya son ƙwallo.

Aka ba mu abin shaƙa na ƙirji, da feshin hanci kullum, da ruwan gishirin wankewa. Likita ta ce feshin ba ya nuna aiki rana ɗaya, yakan kai mako biyu, kuma kada ki daina don hanci ya buɗe. Na daina a Disamba, ƙurar hunturu ta mayar da mu asibiti.

Sai kawar da abubuwan da ke tayar masa da alajin. Maganin sauro na kunnawa bai ba ni wuyar bari ba, gidan sauro ya wadatar. Fumfunar bayan wadirof ma an goge. Turaren wutata ne ya yi min ciwo, na Maiduguri, mai tsada, na kwashe na ba maƙwabciya.

Ranar da na share kan durowa, kwalaben sirof 14 na ƙirga. Hajiya, kakarsa, har gobe in ta kira daga Kano cewa take, "Maman Abba, sanyin Legas ne, ki hana shi ruwan firij."