Alfa da beta sun daina yi mini rufa-ido a kan C3

Daren jiya lambobin bincikena kan igiyoyin lantarkin ƙwaƙwalwa sun faɗi ƙasa warwas, kuma ban taɓa murnar raguwar sakamako irin wannan ba. Har yanzu ina kan bayanan EEG (awon lantarkin ƙwaƙwalwa ta fatar kai) na rumbun bayanai na intanet mai suna PhysioNet, waɗanda aka naɗa daga mutum 109 da elektirod 64, ina lissafi da manhajar MNE-Python. Sauko da su kaɗai ya lashe kuɗin data har na ji a jikina.

Abin da ya hana ni sakat shi ne daidaituwar taku tsakanin igiyoyin ƙwaƙwalwa biyu, alfa mai kusan Hz 10 (zagaye 10 a daƙiƙa) da beta mai kusan Hz 20, wato beta na yin zagaye biyu a duk zagaye ɗaya na alfa. Duk inda na auna sai ta fito da ƙarfi, musamman a C3 da C4, elektirod biyu da ke kan yankin ƙwaƙwalwa mai kula da motsi, ƙarfin da ya wuce a yarda da shi. Dalilin yana cikin siffar igiyar yankin motsi da ake kira "mu", mai mita irin ta alfa, domin ba santsi gare ta ba: gefe ɗaya a kumbure yake, ɗayan kuma da tsini. Idan matatar sigina ta tsaga irin wannan igiya, sai ta fitar da Hz 10 tare da ninkinta na Hz 20, kuma dole takunsu ya zo ɗaya tunda tushensu guda ne. Matsalar ta fi muni tsakanin yankuna, domin idan alfar bayan kai ta daidaita da ta C3, nan take za ta bayyana kamar tana jan betar C3, alhali babu wata beta mai zaman kanta a wurin.

Tace sigina da Laplacian, dabarar cire abin da elektirod ke tarayya da maƙwabtansa, ya rage yaɗuwarta ta ƙoƙon kai, amma bai magance wannan matsalar ba. Abin da ya yi aiki shi ne ƙa'idar alwatika da Siebenhühner da rukunin Palva na Helsinki suka wallafa a 2020: a jefar da duk alaƙar da za a iya bayyanawa da daidaituwar cikin yanki haɗe da daidaituwar mita ɗaya tsakanin yankunan biyu. Mafi yawan layukan da ke nuna alaƙa tsakanin yankuna a taswirata sun ɓace, kuma 'yan kaɗan da suka tsira su ne na farko da zan iya karewa a gaban kowa.

Don igiyoyin teta (mai jinkiri) da gama (mai sauri) kuwa sai na nemi wasu bayanai, saboda naɗin samfuri 160 a daƙiƙa da ke cikin waɗannan bayanan ba ya kama abin da ya wuce Hz 80, ga kuma gurnanin lantarkin Amurka na Hz 60 zaune a tsakiyar zangon gama.