Kafin ka sayar da akwatin kayan aikin tsoho a kilo

Duk wanda ke bi ta wajen masu sayen tsofaffin ƙarafa a nan Damagaram ya san abin da nake nufi, sai ka ga yaro ya turo baro cike da ƙarfe, a ciki har da akwatin kayan aikin kakanshi da ya yi makaniki shekara da shekaru, a aza a sikeli a ba shi jikka ɗaya ko biyu ya tafi. Wallahi abin na ci mini rai. Galibin yaran nan ba mugunta ba ce, ba su san me suke riƙe da shi ba ne kawai, don in ka tashi a zamanin Toyota Corolla da Hilux to akwai ƙarafan da ko a mafarki ba za ka gane aikinsu ba.

Garin nan kuwa ya daɗe da sanin mota. A ƙarshen 1924 ayarin motocin Citroën guda 8 masu tafiya kan sarƙa a baya, da suka taso daga Colomb-Béchar ta Aljeriya, sun yada zango a Zinder, lokacin ma nan ce hedikwatar mulkin Faransa a Nijar don sai 1926 aka maida ta Yamai. Bayan nan Berliet, Land Rover, Peugeot 404 da 504 duk sun ci hanyar Agadas da ta Kano, kuma kowace da irin kayan gyaranta.

Ka fara da lakile, wato sifana. Kada ka kai shi injin wasa, zai cinye rubutun. Ka jiƙa shi cikin gazuwal ya kwana, ka goge da buroshin waya a hankali, rubutu zai fito. In ka ga Facom ko SAM to na Faransa ne, Facom tun 1918 suke wannan sana'a. Gedore, Hazet da Elora na Jamus ne, King Dick da Britool na Ingila. Wani lokaci ma za ka ga zakin Peugeot a jikin ƙarfe, ba abin mamaki ba ne, gidan Peugeot sun daɗe suna ƙera zarto da kayan hannu tun kafin su taɓa yin mota.

Amma inda mutane suka fi ruɗewa shi ne lambar da ke baki. 10, 13, 17, 19 wannan kowa ya sani, milimita ne. In kuwa ka ga 1/2 AF ko 9/16 AF to inci ne, faɗin kan notin ake nufi, 1/2 AF shi ne milimita 12.7, shi ya sa 13 ke shiga amma tana ɗan rawa, in ka matsa da ƙarfi ta murje kan notin ya koma kamar kwabo. Sai na ukun, wanda aka rubuta W ko BSW ko BSF. Wannan ma'aunin Joseph Whitworth ne na Ingila da ya kafa a 1841, kuma lambar da ke jiki ba faɗin bakin lakilen ba ce, kaurin bulon ɗin ne. Sai ka ga an rubuta 1/4 W amma in ka auna bakin ya wuce milimita 13 kaɗan, 13 ba ta shiga 14 kuma ta yi yawa. Masu tsohuwar Land Rover sun san wannan wahala, don a buwat ɗinta, wato akwatin giya, da pon, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyi biyu, akwai irin waɗannan notina, kuma na taɓa ganin wani tsohon makaniki wajen Zango ya ƙi yarda yaronshi ya taɓa buwat ɗin wata Land Rover sai da ya shiga ɗaki ya ɗauko wasu lakile guda biyu baƙaƙe ƙulle cikin tsumma, ya ce yaro da waɗannan ake kwance ta, in ka sa naka ka ɓata mini aiki. To irin su ne ake zubawa a sikeli, alhali yau ko ka zagaye kasuwar Dole da wuya ka samu sabo.

Akwai wani dogon bututu mai rami a gefe na zura sanda, mutane na ɗauka guntun famfo ne. Lakilen buji ne, bakinshi wajen milimita 21, kuma an yi shi dogo ne saboda bujin 404 da 504 can cikin rami yake. Ɗan guntun ƙarfe mai kai murabba'i na milimita 8 kuma na kwance notin juyen baƙin mai ne a Peugeot da Renault.

Wanda ni na fi so shi ne ƴan siraran ƙarafan nan da aka haɗa a ƙusa ɗaya suna buɗewa, kowane da lambarshi, 0.10, 0.20, 0.40. Da su ake auna tazarar supaf, wato bawul ɗin inji, da ta bakin filatin, ƴan ƙarafan da ke buɗewa da rufewa cikin delko mai raba wa buji wuta, a yawancin motocin wancan zamani filatin wajen 0.40 ake sa shi. Tsofaffi kan ce ba ido ke aunawa ba, yatsa ne, ka zura ka ja ka ji yana ɗan riƙewa kaɗan, ba ya sulalewa ba ya kuma maƙalewa. Motocin yanzu ba su da filatin, kwamfuta ke ba da wuta, shi ya sa yaran garaji da yawa ba su taɓa riƙe shi ba. Haka sandar katako mai roba a kai, ba abin wasan yara ba ce, ana manna ta a kan supaf a shafa man wasa a riƙa murzawa tsakanin tafuka biyu har supaf ɗin ya zauna daram.

Sai manibel, dogon ƙarfe mai lanƙwasa da ƴan kunnuwa biyu a baki. In batir ya mutu da shi ake tada 404 ko Land Rover daga gaba, a Citroën 2CV ma ƙarfe ɗaya ne ke kwance taya ya juya kirik na ɗaga mota ya kuma tada inji. Dan Allah in za ka gwada kada ka zagaye shi da babban yatsa, ka haɗa yatsun duka gefe ɗaya ka ja sama, don in inji ya mayar da bugu yana karya hannu.

Famfon giris mai suna Tecalemit, fitilar tagulla ta narka dalma ta gyaran radiyato, matsin faci mai zafi na masu gyaran taya, waɗannan ba su da wuyar ganewa. Wanda ya gagare ka kuma, ka ɗauke shi hoto tare da ma'auni a gefe, ko ka kai wa dattijan da ke zama bakin garaji wajen tasha bayan la'asar, ka gaishe su ka ce Baba wannan na mene ne. Za su gaya maka sunan motar, wani ma har wanda ya tuƙa ta.