Filin da Na Saya a Zanzibar Lokacin Korona

A shekarar 2020, lokacin da dokar kulle ta tsayar da kasuwanci a Kano, Tanzaniya ta bi wata hanya dabam. Shugaba John Magufuli bai kulle ƙasarsa ba, a watan Yuni ma ya ce sun rabu da cutar, Zanzibar kuma, yankin tsibirai na Tanzaniya mai gwamnatinsa, ta buɗe wa baƙi ƙofa. Ni da maiɗakina mun daɗe muna sha'awar tsibirin, kasancewarsa garin Musulmi a bakin teku, don haka da wani dillali ya turo mini bidiyon fili a Jambiani, a gaɓar kudu maso gabashin Unguja, babban tsibirin Zanzibar, ban ja ciniki da tsawo ba. Jiragen sama masu fita waje ba su dawo aiki a Najeriya ba sai 5 ga Satumba, saboda haka na biya rabin kuɗin tun ban taka wurin ba, aka turo mini hoton takardar ciniki mai sa hannun shaidu da hatimin sheha, wato mai unguwarsu.

Wannan takarda ita ce ta ci mini kuɗi da barci. A Kano, takarda irin wannan takan isa mutum ya fara gini, daga baya ya nemi shaidar mallaka daga gwamnati, kuma da wannan tunani na sauka. Lauyan da na kai wa ita a birnin Zanzibar ya karanta gaba da baya, ya ajiye a kan tebur, ya ce, "Alhaji, wanda ya sayar maka bai ƙaryata cewa filinsa ne ba, amma kai doka ba ta ba ka damar mallakarsa ba." A ƙarƙashin dokar filaye ta 1992, ƙasar Zanzibar duka ta al'umma ce, tana hannun Shugaban Zanzibar, kuma ɗan Zanzibar kaɗai ake bai wa haƙƙin mallaka. Baƙo haya kawai yake samu daga gwamnati, wadda ba ta wuce shekara 99, kuma galibi sai hukumar zuba jari ta ZIPA ta amince da abin da zai yi a wurin. Dillalin ya san haka sarai, bai faɗa ba.

An ba ni shawarar in sa sunan wani ɗan gari a takardar, na ƙi, domin ranar da ya rasu magadansa ne masu fili. Na zaɓi doguwar hanya: rajistar kamfani, sabon awo, neman haya. Aikin ya yi ta jan ƙafa, ga shi cutar da aka ce ta tafi tana nan, har ta kama Maalim Seif Sharif Hamad, mataimakin Shugaban Zanzibar na farko, wanda ya rasu a Fabrairun 2021. Kuɗaɗen da ake nema da dala ne, ni kuwa da naira nake samu, kuma da Babban Bankin Najeriya ya daina sayar wa 'yan canji dala a Yulin 2021, farashinta a kasuwar canji ta Wapa ya ƙara tashi sama da naira 500. Kowane wata da takardar nan ta ja mini, sai da na biya shi da tsada.

Sauran matsalolin masu sauƙi ne idan aka kwatanta. Rijiyar da muka haƙa a cikin dutse ruwan zartsi ta bayar, iskar teku kuma ta cinye kwaɗon ƙofa da tsatsa kafin damina ta zagayo. Waɗannan duk kuɗi kaɗan ya gyara su.

Wanda ya tambaye ni yanzu, nakan ce ya nemi lauyansa na kansa, wanda ba dillali ne ya haɗa su ba, kafin ya tura ko sisi, kuma idan zama kawai yake so, ya sayi gida a rukunin da ZIPA ta riga ta amince da shi, domin dokar rukunin gidaje ta 2010 ta halatta wa baƙo hakan. Mun samu hayar daga ƙarshe, muna zaune a gidan, amma har yau dillalin ba ya ɗaga wayata.